Madubin Bindiga Mai Ganin Zafi: Abin da Yake Gani da Inda Idonsa Ya Tsaya

Duk mai leƙa TikTok ko YouTube da dare ya taɓa cin karo da irin bidiyon nan: duhu ƙirin, amma a allo ga garken aladun daji farare fat suna ɓarna a wata gona a jihar Tekzas ta Amurka, maharbi yana ɗauke su ɗai-ɗai. Daga nan sai gardama ta kaure a ɗaki. Wani ya ce na'urar tana gani ta cikin bango, wani ya rantse tana gane fuskar mutum daga kilomita biyu. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ɗalibin da ya zauna ajin fizis na shekarar farko yana da abin da zai warware maganar da kansa.

A shekarar 1800 wani masanin taurari a Ingila, William Herschel, ya raba hasken rana kala-kala da gilashi mai kusurwa uku, yana auna zafin kowace kala. Da ya gusar da ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai zafin ya ƙaru. Wato akwai wani haske a ƙasan ja da idonmu ba ya kamawa. Shi ne infared. Duk abin da ke da ɗumi yana fitar da shi: kai, akuya, tukunyar da aka sauke, bangon da ya sha rana. Fatar mutum, mai zafin kusan digiri 33, ta fi fitar da shi a zangon maikuromita 9 zuwa 10, shi ya sa ake ƙera waɗannan na'urori su kama tsakanin 8 da 14. Ka tuna 'yar na'urar da masu gadi suka riƙa auna mana goshi da ita a bakin get lokacin korona a 2020? Dangi ɗaya ne. Ita wuri guda take aunawa, madubin kuwa yana auna dubban wurare a lokaci ɗaya ya haɗa su hoto.

Gilashin taga ba ya barin wannan haske ya wuce, balle bulo da siminti. Don haka maganar gani ta bango ta faɗi. Shi ya sa ma ƙwayar gaban madubin ba gilashi ba ce, da ma'adinin jamaniyam ake yin ta, kuma tana cikin abin da ke sa kayan tsada. A bayanta akwai wani ɗan faranti mai ɗigo-ɗigo, galibi 384 sau 288 ko 640 sau 512. Kowane ɗigo idan zafi ya sauka a kansa sai yadda yake barin lantarki ya wuce ya ɗan canza, kwamfutar ciki ta mai da canjin fari ko baƙi a ƙaramin allon da ido ke kallo. Kwatanta da kyamarar wayarka mai ɗigo miliyoyi: 384 sau 288 ɗigo 110,592 ne kacal.

To a nan gizo ke saƙa. A 1958 wani mai bincike a sashen na'urorin ganin dare na sojan Amurka, John Johnson, ya fitar da ƙa'idar da har yau ake aiki da ita. A taƙaice, ɗigo kamar 2 a faɗin abu sun isa ka san akwai wani abu a wurin. Kafin ka ce mutum ne ko dabba kana buƙatar kamar 8. Kafin ka tantance wane iri ne, sai kusan 13. Ɗauko kalkuleta mu gwada. Madubi mai ƙwayar milimita 35, kowane ɗigo maikuromita 12: raba 0.012 da 35, ka ninka da nisa. A mita 100 ɗigo ɗaya yana rufe santimita 3.4. Faɗin kafaɗar baligi kamar santimita 50 ne, wato ɗigo 14 ko 15, hoto ya fito ras. A mita 500 kuwa ɗigo ɗaya santimita 17 ne, mutum ɗungurungum ya koma ɗigo 3 a faɗi, wani ɗan farin tabo kawai. Idan ka bi lissafin, rabe mutum da dabba yana tsayawa wajen mita 180, tantancewa kuma wajen 110. Nisan kilomita da 'yan kai da ake rubutawa a jikin kwali nisan matakin farko ne, na "akwai wani abu". Kuma danna maɓallin kusanto da hoto ba ya ƙara ɗigo ko ɗaya, kumbura su kawai yake yi.

Yanzu kawo lissafin nan fadamar bakin kogin Kaduna ko gonakin da ke bayan Sabon Tasha. Manomin da ya duƙa yana gyaran kwamin ban-ruwa da asuba, yaron da ya tsuguna yana duba tarkon gafiya, ɗan maraƙin da ya ɓace wa makiyayi, da gadar da ake nema: a mita 300 duk farin dunƙule ɗaya ne. Mafarautanmu masu fitilar goshi sun daɗe da sanin haɗarin harbin ƙyallin ido a duhu. Madubin zafi bai kawar da wannan haɗari ba, a ganina ma ya ƙara shi, don yana nuna maka abu daga nisan da ba zai iya gaya maka mene ne ba, ga kuma tsadarsa tana sa mai shi ya yarda da shi fiye da kima. Harsashi kuwa in ya fita ba a kiransa ya dawo.

Yanayinmu ma yana da nasa. Na'urar bambancin zafi take nema, saboda haka daren hunturu na Disamba da Janairu shi ne lokacin da hoto ya fi tsafta. A bazarar Maris da Afrilu, duwatsu irin na wajen Kujama da Kajuru suna riƙe zafin rana har dare ya yi nisa, sai dutse ya yi fari kamar dabba, dabba kuma ta saje da ƙasa. A marka ta Agusta, laima da yayyafi suna shanye hasken, komai ya koma toka-toka. Ɗan ƙaran "ƙat" da na'urar ke yi lokaci-lokaci hoto ya daskare na ƙiftawar ido ba lalacewa ba ce, murfin ciki ne ke rufewa don ta daidaita ɗigoginta.

Batun saiti kuma, 'yan safiyo na harabarmu ta Barnawa sun riga kowa fahimta. Yadda ake gwada lebul da turaku biyu don a tabbatar layin gani bai karkace ba, haka ake gwada madubin bindiga, mai zafi ne ko na gilashi: layin da ido ke bi da hanyar da harsashi ke bi sai an sa sun haɗu a wani nisa da aka zaɓa. Ma'aunin gyaran kusurwa ne. Minti ɗaya, wato kashi 1 cikin 60 na digiri, santimita 2.9 ne a mita 100. Kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a wurin ɗauri yana zama taku guda a can nesa, shi ya sa noti ɗaya da ya kwance ko faɗuwa ɗaya a ƙasa sun isa su ɓata komai. A madubin gilashi, in ka motsa kai ka ga alamar gicciye tana yawo a kan abin da kake kallo, ba a daidaita shi da wannan nisan ba, ciwon da duk mai tiyodalait ya sani.

Kar wani ya karanta wannan ya nufi kasuwar intanet. A dokar makamai ta Najeriya, ko bindigar toka kwamishinan 'yan sanda na iya hana riƙe ta ba tare da lasin ba, ta farauta ta zamani sai da lasin daga sufeto janar, irin ta soja kuwa sai da amincewar shugaban ƙasa. Shigo da na'urorin ganin dare ma yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. A garin da ke da DICON a Kakuri tun 1964, ga halin da hanyar Birnin Gwari ta shiga a shekarun nan, ɗalibin da aka kama da irin wannan a jaka a shingen bincike zai sha bayani.

Inda abincinmu yake shi ne kyamarar zafi ta hannu, mai faranti iri ɗaya. Da ita ɗan lantarki ke gano waya mai sako-sako a taransifoma kafin ta kama wuta, ko ɓangaren farantin sola da ya mutu. Ɗan kanikanci ya gano boris mai cin zafi injin yana tafe, ɗan gini ya bi sawun ruwan da ke tsiyaya cikin dakin.

Kulawar duk ɗaya ce, har da kayan ɗakin gwajinmu. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi: in ka goge ta da bakin riga, ka kankare rufin ƙwayar ke nan. A fara hure ta da ɗan famfon roba, sannan a shafa da ƙyallen tabarau mai tsabta. Murfi ya zauna a rufe in ba aiki ake ba. Kar a auna rana ko wutar walda da madubin zafi, tana iya barin tabo a farantin. Kar a bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana. A cire batir in za a daɗe ba a taɓa ba. Da damina kuma a jefa 'yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi a akwatin ajiya, don fumfuna in ta yi saƙa a cikin gilashin lebul, ba kowane mai gyara ke iya fitar da ita ba.