Sayen Gidan Farko: Kada Ka Biya Sai Ka Bincika

Wanda ya daɗe yana biyan haya, duk shekara mai gida na aiko masa da saƙon ƙari, ranar da Allah Ya hore masa kuɗin gida zuciyarsa ba ta son jira. Dillalai sun san haka sarai. Shi ya sa da an zagaya da kai gida ɗaya ko biyu za ka ji an ce, "Alhaji, ka hanzarta, akwai wanda zai kawo kuɗi gobe da safe." Wataƙila akwai shi, wataƙila babu. Ko akwai, bar masa. Gidan da ba zai jira ka mako biyu ka yi bincike ba, ba rabonka ba ne, kuma rasa shi ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan rasa abin da ka shekara goma kana tarawa.

Fara da lissafi tun kana ɗakinka. Farashin gida daban, abin da za ka kashe daban. Akwai la'adar dillalai, kuɗin lauya, kuɗin bincike a ofishin filaye, kuɗin mayar da takarda sunanka, ga gyaran da babu makawa sai an yi kafin iyali su tare. A ce kana da naira miliyan 20, to ka nemi gidan miliyan 17 ko 18. Maganar la'ada kuwa a yanke ta kafin a fara zagaye: nawa ce, wa zai biya, mutum nawa ne a ciki. In ba haka ba, ranar biya dillali ɗaya zai zama biyar, kowa na rantsuwa shi ya fara nuna maka ƙofar.

Sai takarda, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta ɗora filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da kake saya shi ne haƙƙin zama a kan filin, wanda ga gidan zama yawanci shekara 99 ne, ana ƙirgawa daga ranar da aka fara bayar da shi, ba daga ranar cinikinka ba. Dokar ta kuma ce filin da ke da takardar gwamnati, wato C of O, ba a miƙa shi ga wani sai da amincewar gwamna. Saboda haka ganin C of O a hannun mai gida bai isa ba. Karɓi kwafi, ɗauki lambar fayil, ka tafi da ƙafarka ko ka aiki lauyanka: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ko ma'aikatar ƙasa da safiyo ta jiharku. Ka biya kuɗin bincike ka karɓi rasit, a ba ka sakamako a rubuce. Nan za ka ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko an soke takardar, ko akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Sau da yawa za ka tarar takardar na ɗauke da sunan wanda ya sayar tun hannu uku da suka wuce, domin babu wanda ya damu ya canza. Wannan ba lallai yaudara ba ce, amma aiki ne da zai faɗo kanka, don haka a rage shi daga farashi. Ka kuma ɗauki safiyo ya duba iyakoki, domin takarda na iya zama ta gaskiya alhali ta fulotin da ke bayan wanda aka nuna maka ce.

Na san abin da za ka ce: yawancin gidajen da mai ƙaramin ƙarfi zai iya saya a sababbin unguwanninmu awon igiya ne, gona ce aka yanka aka sayar, babu wata C of O. Gaskiya ne, kuma ba zan ce kada ka saya ba, domin jama'a da dama a irinsu suke zaune lafiya. Sai dai binciken ya ninka. Ka nemi takardun ciniki tun daga manomin farko har zuwa mai sayar maka, ka ga sun haɗu babu giɓi. Ka je wurin mai unguwa da dagaci. Amma ka sani hatimin mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba ya hana gwamnati fitar da titi ta tsakar gidanka. Wannan amsar tana wurin hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna. Tambaye su ko wurin hanya ce a taswira, ko magudanar ruwa, ko filin makaranta, ko maƙabarta. Ɗaga kai kuma ka duba ko babbar wayar wuta ta bi ta sama. Idan rusau ya zo, wanda ba shi da takarda shi ne ke shan wuya wajen neman diyya.

Gidan gado ya fi kowanne daɗin farashi, ya kuma fi kowanne kai mutum kotu. Babban wa zai ce maka duk ƙanne sun yarda. Kada ka ɗauki maganarsa, ko da limami ne. Nemi takardar rabon gado daga kotu, ka san magada nawa ne, kowa ya sa hannu da kansa, har matan da ke aure a wani gari da wanda ke ci-rani. Idan akwai marayu ƙanana, kotu ta amince da sayar da kasonsu. In kuwa kason mutum ɗaya za ka saya a gidan da ba a raba ba, ka tuna da shuf'a: a mazhabar Malikiyya abokin tarayya na da haƙƙin ya mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason. Kai ka yi gyara, ka yi fenti, ka tare, sai ga sammaci.

Idan takarda ta yi kyau, sai a koma ga ginin kansa. Lokacin ganin gida shi ne watan Agusta, bayan an kwana ana ruwa. In ciniki ya zo da rani, to karanta alamu: jirwayen ruwa a gindin bango, siminti da ke fitar da gishiri yana zubewa, sabon fenti daga ƙasa zuwa gwiwa kawai, ƙofofin maƙwabta da aka ɗaga musu dakali, buhunan yashi a bakin lungu. Tambayi tsofaffin unguwa ko wurin kududdufi ne aka cike da shara, domin irin wannan gini kan zauna ya tsage. Ka zo da maginin da kai ka biya, ba wanda dillali ya kawo ba, ya hau ya duba kwano da katako, ya ga tazarar masai da rijiya. Ka nemi takardar kuɗin wuta ta ƙarshe, don bashin yakan bi gida, ba wanda ya tashi ba.

Unguwa kuma ba a saninta da ziyarar rana ɗaya. Ka je da dare, ka je da sassafe ka gwada hanyar zuwa aikinka, ka zauna teburin mai shayi ka sha kofi guda. A rabin awa za ka ji ko taransifoma na aiki, nawa 'yan garuwa ke sayar da jarka, ko ana ƙwacen waya a lungun, har da dalilin da ya sa mai gidan ke son rabuwa da shi. In farashi ya faɗi ƙasa da na maƙwabta sosai, akwai dalili. Araha ba ta ado.

Ga ma'aikacin da kuɗinsa bai kai ba, duba takardar albashinka. Tun 1992 akwai Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashi, kuma mai zubi na iya neman rance ta Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya a kan ruwan kashi 6 cikin 100, a biya har tsawon shekara 30. Tun 2022 kuma hukumar fansho ta ƙasa ta ba da damar ɗaukar har kashi 25 cikin 100 na asusun fanshonka don biyan kason farko na rancen gida. Wanda ke gudun riba ya tuntuɓi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012, ya tambayi tsarin murabaha ko musharaka, ya kuma kai takardun wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki. Duk wanda ka bi a cikinsu zai tambaye ka takardar gida ingantacciya, kuma kada biyan wata ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da kake samu.

Ranar biya, kuɗi ya bi ta banki, ya shiga asusun mai gidan da sunansa, ba na dillali ba, ba na ɗan'uwansa ba. Ko kafin alƙalami ne a rubuta, tare da sharaɗin za a mayar maka idan bincike ya nuna matsala. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, shaidu daga ɓangarorin biyu su sa hannu, ka karɓi takardu na asali a zaman nan, a kuma sa ranar da 'yan haya za su tashi in akwai su. Kada kunya ta hana ka don mai sayarwa aboki ne ko suruki. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu.

Ke kuma uwargida, idan kin sayar da sarƙarki ko kin kwashe adashinki an cika kuɗin gida, a rubuta: rance ne, kyauta ce, ko kina da kaso. Maigida, kai ya kamata ka fara kawo maganar, domin ranar rabon gado ba ka nan da za ka yi mata shaida.

Da zarar makulli ya shigo hannunka, kafin walima, kafin sayen labule, koma ofishin filaye ka fara mayar da takarda sunanka. In awon igiya ne, ka buɗe fayil ɗin neman taka a cikin watan nan.