Garin da ke Cinye Dauɗar Ruwa da Hasken Rana

Wannan tambaya daga wani mai sauraronmu ce a Sharaɗa, Kano. Ya ce: wai da gaske ne akwai garin da ake zubawa a gurɓataccen ruwa, rana ta haska shi, dauɗar ta ɓace?

To malam, da gaske ne. A 1972 masanan Japan biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka nuna cewa titaniyam dayoksaid, farin garin nan da ake sawa a fenti, yana farfasa ruwa idan haske ya buge shi. Hasken kan tayar da ilektoron daga mazauninsa ya bar gurbi, daga nan sai a samu wasu ƙwayoyi masu tsananin ci da ke ragargaza rini da magungunan ƙwari.

Matsalar wannan gari ita ce hasken alturabayolet kaɗai yake amsawa, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Shi ya sa ake haɗa shi da wani sinadarin, kamar kabon naitirayid mai ruwan ɗorawa, wanda ke kama hasken da ido ke gani. Auren nasu na da wata riba kuma: ilektoron ɗin kan tsallaka ɗaya ɓangaren, ya kasa komawa gurbinsa da wuri, sai aikin ya yi ƙarfi.

Sai dai, malam, ruwa mai duhu irin na masana'antun fata hana haske ratsawa yake yi, kuma tace garin bayan an gama aiki ba ƙaramar wahala ba ce. Yawancin nasarorin har yanzu a ɗakin gwaji suke.