Yadda Ake Canja Bututun Birkin da Tsatsa Ta Cinye

Yawancin Golf da Sharon da ke jigila tsakanin Anka, Daki Takwas da Gummi 'yan Beljiyam ne. Sun sha gishirin da Turawa ke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, suka zo nan lakar damina ta ɗora daga inda aka tsaya. In birki ya fara nutsewa, ko mansa na raguwa kullum, leƙa bututun ƙarfen da ke bin ƙarƙashin motar.

Don Allah kada ka saurari mai cewa a dandaƙe bututun da guduma a kashe birkin taya ɗaya, ko a kai wa mai walda, ko a cika kofin man birki da ruwan Omo. Rayukan mutane ka ɗauko.

Ɗaga motar ka tokare ta da kututture, jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Kankare lakar da buroshin waya, musamman wajen maƙalai da saman tankin mai, can tsatsa ke ɓuya. Duk bututun da ya yi ƙuraje, cire shi daga noti zuwa noti.

Jiƙa notin da WD-40 tun da dare. Sa sifana mai tsagaggen baki, lamba 10 ko 11, domin ta yau da kullum cinye kan notin take yi. In ya ƙi, yanke bututun dab da shi ka zura soket.

Sabon bututun ya zama milimita 4.75, na ƙarfe ko na jan ƙarfen da aka gauraya da nikel. Na firiji da ake cusa wa mutane tsagewa yake yi in ya sha girgizar hanya irin ta Bukkuyum. In babu a kusa, aika Gusau ko Sakkwato, tsadarsa ba ta kai ta taya ɗaya ba. Lanƙwasa shi a jikin kwalba, kana kwaikwayon tsohon.

Bakin bututun ne aikin. Yanke da abin yankan bututu, ban da zarto, ka share kaifin ciki. Zura notin tukuna kafin ka buɗa bakin, in ka manta sai ka sake yanka. Sannan duba bakin tsohon da kyau: na motocin Jamus a kumbure yake, na Toyota a ninke yake zuwa ciki kamar mazurari. In ka haɗa wani da wani, ko ka ɗaure har sifana ta lanƙwashe sai ya yi yoyo. Fara ɗaura notin da yatsu, ya shiga sumul, kafin sifana ta taɓa shi.

Zuba man birki DOT 4 daga sabon gwangwani. Yaronka ya taka birki ya riƙe, kai ka buɗe notin fitar da iska, ka rufe kafin ya ɗaga ƙafa. Fara da tayar baya ta dama, sai ta hagu, sannan na gaba, kana ƙara mai kada kofin ya ƙafe. In kumfa ya ƙare, taka da ƙarfi na rabin minti, ka shafa kowace mahaɗa da yatsa. In a bushe take, gwada motar a fili kafin ka shiga tasha.