Yadda ake samun kayan gini masu amfani a wurin rusau

Kowa ka tambaya sai ya ce ka je Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano ka zaɓa. Akwai kaya a can, amma sun bi ta hannu biyu ko uku, kowa ya ɗora ribarsa, kuma ba mai gaya maka daga wane gini suka fito. Kaya mai kyau a jikin gini ake sayensa, tun katafila ba ta iso ba.

Ka bar lambar wayarka wurin magina, kafintoci da direbobin tifa. Su ne ke fara jin labarin tsohon gidan da za a rushe a tayar da bene ko shaguna.

Ka yi ciniki da mai gidan ko ɗan kwangilarsa, kada ka yi da mai gadi, kuma a rubuta abin da ka saya a gaban shaidu. Wawason da aka gani lokacin rusau na Kano a 2023 ba sana'a ba ce. Dukiyar mutane ce, kuma ginin da aka karya wa ginshiƙi yana iya ruftowa kan mai tono a kowane lokaci.

Ranar aiki a fara yanke wuta. Sai a kwance wayoyi, famfo da bututu, a cire ƙofofi da tagogi tare da firam ɗinsu, sannan a hau rufi. Kwano ana zare masa ƙusa ɗaya bayan ɗaya, ba fizgarsa ake yi ba. Ka ɗaga kowanne ga rana: ramin ƙusa a kan tudu ba komai, amma in haske na shigowa ta kwarin da ruwa ke bi, wannan na dangar awaki ne. Katako kuwa ka soka masa ƙusa, in ta shige ba gardama, gara ta gama da cikinsa.

Rodi ne inda mutane ke cutar kansu. Za ka ga matasa da guduma suna farfasa dakin, wato rufin kankare, suna zaro shi, su miƙe shi a kan dutse, su kankare tsatsa, ya fito kamar sabo. Ba sabo ba ne. Ƙarfen da aka lanƙwasa aka sake miƙewa ya yi rauni daidai gwiwar, wani lokaci da tsagar da ido ba ya gani, tsatsa kuma ta rage masa kauri. In gobara ce ta ci ginin, abin ya fi muni.

Saboda haka kada irin wannan rodin ya shiga ginshiƙi, bim ko dakin, ko da magini ya rantse maka cewa ya saba. Ka kai wa mai walda ya yi maka kariyar taga, ƙofar shinge ko murhu. Nan yana da amfani sosai, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabo ba.

Abin da na fi so a tsofaffin gidajen cikin birni shi ne azara. Itacen giginya ne, gara ba ta cika iya masa ba, kuma mai ƙwari yanzu ta yi wuyar samu. Ka zaɓi mai duhu da nauyi, ka duba bakunanta biyu da suka zauna cikin bango, don nan ruwa ke fara ruɓar da ita. Ƙasar bangon ma kada ka raina ta: a jiƙa, a sake kwaɓawa da ciyawa, tubali ne.

Rufi da silin na asbestos, irin masu launin toka na tsofaffin gidajen ma'aikata, ko kyauta ne ka bar su. Ƙurarsu na jawo cutar huhu da sankara, sai bayan shekaru masu yawa take bayyana. Kada ka fasa, kada ka sa zarto.

Ka lissafa kuɗin lebura da na mota kafin ka yi murnar araha. Ƙofofi da tagogi kuwa ka auna su tun gini bai kai linta ba, ka ba magini awon ya bar gurbinsu daidai. Kayan ka jingine su a kan bulo ƙarƙashin rumfa, kada su taɓa ƙasa.