Yadda ake sauke bayan tsohuwar a-kori-kura ba tare da an nakasa ta ba

A Kaduna, wanda ya ce tsohuwar a-kori-kura, Fijo yake nufi, 404 ko 504. Tun 1975 kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kakuri, ita kuma 504 mai buɗaɗɗen baya ta fito a 1979. Don dako aka ƙera ta, shi ya sa bayanta ke zaune a kan sifirin mai falle-falle, ya ɗaga sama idan babu kaya. Yanzu wasu matasa na sayenta don kwalliya, su yi mata fenti, su so ta ɗan durƙusa kamar waɗanda suke gani a hotunan Amurka. Aikin yana yiwuwa, amma ba a garejin bakanike ake fara shi ba.

Fara da tambayar kanka: za ta ci gaba da ɗaukar kaya, ko ta yi ritaya? Motar da za ta riƙa ɗebo buhunan masara daga kasuwar Kawo, a bar mata tsayinta. Idan ta yawo ce, sai ka ajiye ta a daidaitaccen wuri, ka daidaita iskar tayoyi, ka auna daga tsakiyar taya zuwa bakin bodi, hagu da dama. Sau da yawa za ka tarar gefe ɗaya ya riga ya kwanta, don sifirinsa ya gaji.

Daga nan ka shiga ƙarƙashi ka ƙirga fallayen. Masu dako sun saba ƙara falle ɗaya ko biyu don mota ta jure lodi, kuma da wuya ka sami Fijon da ta shekara talatin tana aiki ba a taɓa ta ba. Cire abin da aka ƙara kawai yakan sauke bayan, ya kuma rage tsallen da take yi. Wasu a nan bukatarsu ke biya. Amma kada a taɓa uwar sifirin, wato dogon fallen nan mai ido a kowane ƙarshe, domin shi ke riƙe aksil a mazauninsa.

Tun kana kwance, duba ko aksil yana saman sifirin ne ko ƙasansa, don wannan ne ke raba hanya. Idan a sama yake, aikin mai sauƙi ne: a saka dunƙulen ƙarfe tsakaninsu, kaurinsa shi ne abin da motar za ta sauka. Inci biyu ya isa. A sayi sababbin yubol masu tsawo, kada a yarda mai walda ya yi wa tsofaffin ƙari. A Panteka akwai masu injin sassaƙa ƙarfe da za su fitar maka da dunƙulen. Ka nace a yi masa ramin da zai zauna daram a kan ƙusar tsakiyar sifirin, da ɗan kan da zai shiga mazaunin aksil, in ba haka ba aksil zai zame, motar ta riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa.

Idan kuwa aksil a ƙasa yake, dunƙule ɗaga motar zai yi. Abin da ya rage shi ne a rage lanƙwasar fallayen da injin matsa, a sanyi, ko a juya aksil ya koma sama. Juyawar tana sauke mota wajen inci biyar ko shida a tashi ɗaya, har sai an yanke shasi an yi masa baka don aksil ya sami wurin motsi. Ban ga hikimar yanka shasin da ya haura shekara talatin ba, ga tsatsa ta riga ta ci rabonta. Haka ma tsarin sanduna huɗu da jakar iska a madadin sifirin, wanda Amurkawa ke so: yana da kyau, amma ran da jaka ta fashe a hanyar Mando, sai ka jira a aiko maka da wata daga waje.

Akwai gajeriyar hanyar da za a yi maka tayi: "Alhaji, bari mu ɗan hura masa wuta ya kwanta." Ka ce a'a. Wuta tana kashe ƙarfin sifirin, ya ci gaba da kwanciya har ya karye.

Bayan an sauke, sauran aiki. Shokazoba mai tsawon asali zai riƙa dukan ƙasansa, a nemo gajere. A bar aƙalla inci biyu zuwa uku tsakanin aksil da robar da ke tare shi a jikin shasi. A duba tiyon birki da salansa, kada wani abu ya goge su, kuma idan motar tana da bawul ɗin da ke daidaita birkin baya da nauyin kaya, a sake saita shi. Idan aka hau titi aka ji kakkarwa a ƙasan kujera, kusurwar furofela ce ta canza, siririn ƙarfe mai gangare a ƙarƙashin aksil yana gyara ta. Fitilun gaba su ma za su kalli sama, a sauke su.

Gwajin gaskiya ba a kan titin Ali Akilu ake yinsa ba. Ka sa mutum biyu a baya, ka shiga lungunan Badarawa ko Hayin Banki bayan ruwan Agusta, ka haye tudun rage gudu. Idan ka ji ƙarfe ya daki ƙarfe, koma gareji a rage kaurin dunƙulen. A titunan Kaduna, inci biyu ne iyakar abin da zan ba ka shawara.