Ciwon suga a gidanmu: ni ma na gada?

Tambaya: Mahaifina da gwaggona suna da ciwon suga. Ni ma na gada ke nan? Daga mai karatu, Dogon Daji.

Amsa: Malam, Allah ya ba su lafiya. Abin da ake gada sauƙin kamuwa ne, ciwon kansa kuwa yakan jira abokan tafiya: teɓa, yawan zama, shayin safe mai suga cokali uku. A 2006 masana a Ayislan suka gano wani nau'in ƙwayar gado TCF7L2 mai ƙara haɗarin, an kuma same shi a jinin 'yan Najeriya da Gana. Don rage haɗarin, kada ka bar zuwa gona, motsa jiki ne. Duk shekara ka leƙa asibitin Tambuwal a auna sugan jininka kafin karin kumallo. In kai AS ne, faɗa wa likita, don jinin sikila kan rikita gwajin suga na HbA1c.