Sabuwar Roba Ta Ƙi Hannuna

Tambaya: Malam, ina buga ƙwallon tebur a Sabha. Na sa wa raket ɗina sabuwar roba mai soson milimita 2.1, yanzu ƙwallo sai wuce tebur take yi. In cire?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka cire tukuna. Soso mai kauri yakan haɗiye ƙwallo ya cilla ta da ƙarfi, hannunka kuwa ya saba da tsohuwar. Ka ɗan kifa raket, ka sassauta duka, ka riƙa shafar ƙwallon ta sama. Ba sabuwar robar mako uku. In ta ƙi, koma 1.8. Zafin Sabha da ƙurarta suna kashe roba da wuri, don haka goge ta da ɗan ruwa bayan wasa, ka rufe, kada ka bar ta cikin mota.